Wa ke riƙe da garin Ann Arbor: jami'a, majalisa ko masu gidaje?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya samu gurbin karatun digiri na uku a Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor a Amurka, zai tafi da matarsa da yara biyu a watan Agusta. Da ya duba kuɗin hayar gida sai gabansa ya faɗi. Yana so ya san abin da ya sa ƙaramin gari yake da tsada haka, wa ke mulkin garin, kuma ko baƙo irinsa yana da ta cewa.

Malam, barka da arziki, Allah ya sa a je a sa'a. Aikina nazarin yadda ƙananan hukumomi ke tara kuɗi da tsara gari ne, kuma na yi shekaru ina zaman haya a garin nan, don haka na san zafin da ka ji. Tambayoyinka uku ne amma igiyarsu ɗaya, bari in kamo ta daga jami'ar.

An kafa Ann Arbor a 1824. Jami'ar ta girme shi, domin a Detroit aka buɗe ta a 1817, sai a 1837 ta taso ta dawo nan bayan an ba ta fili kyauta. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 123,851 a garin, jami'ar kuwa ɗalibanta sun haura dubu 50, ban da malamai da ma'aikatan babban asibitinta. Filin ƙwallonta kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601. Ranar Asabar ɗin da ake wasa, za ka ga dattijo tsaye a ƙofar gidansa da kwali a hannu yana kiran masu mota su zo su ajiye a kan ciyawarsa su biya shi, titi kuwa ba masaka tsinke.

Abin da sabon zuwa bai cika ganewa ba shi ne jami'ar ba ta ƙarƙashin majalisar birni ko kaɗan. Tsarin mulkin jihar Mishigan ne ya ba ta 'yancin kanta tun 1850. Mutum takwas ne ke hukumar da ke jan ragamarta, kowannensu na yin shekara takwas, kuma duk jihar ce ke zaɓensu. Manomin da ke can ƙuryar arewacin jihar, wanda bai taɓa taka Ann Arbor ba, ƙuri'arsa a kan shugabannin jami'ar daidai take da ta matar da katangarta ke manne da ginin jami'ar. Jami'ar tana da 'yan sandanta da motocinta na bas. Idan za ta yi gini a filinta, dokar tsara gine-gine ta birni ba ta hau kanta ba. Ta kan sanar da majalisa don mutunci, amma ba izini take nema ba. Sannan ba ta biyan harajin gida da fili.

Wannan na ƙarshe shi ne inda ciwon yake. A Amurka harajin gida da fili shi ne jinin ƙaramar hukuma: da shi ake biyan 'yan kwana-kwana, a gyara titi, a kwashe shara. Duk ranar da jami'a ta sayi wani fili, ya fita daga rajistar masu biyan haraji ke nan. Misalin da mutanen garin ba sa mantawa shi ne na kamfanin magunguna na Pfizer. Shi ne ya fi kowa biyan haraji a birnin, sai ya sanar a 2007 cewa zai rufe cibiyar bincikensa da ke arewacin gari. A 2009 jami'a ta saye wurin baki ɗaya a kan dala miliyan 108. Ginin bai zama kufai ba, ayyuka sun dawo cikinsa, kuma ni a ganina garin ya yi sa'a da aka samu mai saye a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ake ciki a lokacin. Amma harajin da ke fitowa daga wurin ya tafi, bai dawo ba. Wasu biranen jihar, irin su Detroit da Lansing, suna karɓar harajin albashi daga duk wanda ke aiki a cikinsu. Ann Arbor ba ta da shi. An sha ɗauko maganar ana ajiyewa. Saboda haka dubun-dubatar da ke shigowa aiki kowace safiya suna bin titin garin, da yamma su koma su biya harajinsu a wani wuri.

To sai mu zo kan haya. Jami'a na ƙara yawan ɗalibai shekara bayan shekara, ɗakunan kwananta kuwa galibi 'yan shekarar farko suke ɗauka, sauran su fantsama cikin gari neman wuri. Shi kuma garin, shekaru da yawa dokarsa ta keɓe mafi yawan unguwanni ga gida guda na iyali guda a kowane fuloti. Ko kana da kuɗi da fili, ba za ka tayar da bene mai gidaje shida a irin wannan unguwa ba. A 2003 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da wani haraji na shekara 30 don a riƙa biyan masu gonakin da ke kewaye da birni su bar su a matsayin gona, kada a yanka su fulotai. Niyya ce mai kyau, kuma gonakin na nan gwanin ban sha'awa. Sai dai gari ya hana kansa faɗi, ya kuma hana kansa tsawo, mutane kuwa ba su daina zuwa ba. Kuɗin haya ne ya biya bashin.

Za ka ce ai sai majalisa ta ƙayyade kuɗin haya. Ba ta da wannan ikon. Dokar jihar Mishigan ta 1988 ta haramta wa kowane birni sa wa haya iyaka.

Akwai kuma wani abu da 'yan haya ƙalilan ne suka sani, kuma ina so ka riƙe shi. A Mishigan ana lissafin harajin gida da wani ma'auni da ake kira mil: dala ɗaya a kan kowace dala dubu ta ƙimar da aka yi wa gida don haraji. Gidan da aka yi wa ƙimar dala dubu 200, mil ɗaya a kansa dala 200 ce a shekara. Tun gyaran da aka yi a 1994, wanda yake zaune a gidan kansa an yafe masa har mil 18 na kuɗin gudanar da makarantu. Gidan haya ba a yafe masa ba. Mai gidan ne zai kai kuɗin ofis, amma ka san daga aljihun da suke fitowa. Wannan gyara ya kuma hana ƙimar gida tashi fiye da hauhawar farashi ko kashi 5 cikin 100 a shekara, sai ranar da aka sayar da gidan ƙimar ta yi tsalle ta kamo kasuwa. Sakamakon haka sai ka ga gidaje biyu iri ɗaya a jere, wanda ya saya shekara talatin da suka wuce yana biyan ɗan kaɗan, maƙwabcinsa da ya saya bara yana biyan ninki. Don haka idan wani ya ce maka ɗalibai da 'yan haya ba sa biyan haraji, ka yi masa murmushi kawai. Kana biya, kuma a kan farashi mafi tsada.

Wa ke mulkin garin a takarda? Majalisa mai mutum 11: magajin gari da kansiloli goma, biyu-biyu daga mazaɓu biyar. Su ke yin doka da kasafin kuɗi, su kuma ɗauki wani ƙwararren ma'aikaci ya riƙa tafiyar da ayyukan yau da kullum. An zaɓi Christopher Taylor magajin gari a karon farko a 2014. Idan ka kalli taswirar mazaɓun za ka ga an yanka su kamar yadda ake yanka kankana, kowace ta faro daga tsakiyar gari ta buɗe zuwa gefe. Ɗalibai a tsakiyar suke cunkushe, don haka kowace mazaɓa ta ɗebi rabonta, babu wadda suka yi rinjaye a cikinta yadda ya kamata.

Amma babban sirrin yana kan kalanda. Ann Arbor na cikin birane ƙalilan a Mishigan da ake takarar kansila da sunan jam'iyya, kuma garin na 'yan Dimokurat ne tun daga tushe. Magajiyar gari ta ƙarshe daga jam'iyyar Rifablikan, Ingrid Sheldon, ta sauka a 2000. Ke nan wanda ya ci zaɓen fid da gwani na Dimokurat kusan ya gama, zaɓen Nuwamba cika sharaɗi ne. Zaɓen fid da gwanin kuwa a farkon Agusta ake yin sa, lokacin da ɗalibai suka watse hutu, 'yan haya kuma ke tsakiyar ɗaure kaya. Idan ka iso za ka gani da idonka: tsofaffin katifu da kujeru da fitilun tebur jibge a bakin titi, motocin ɗaukar kaya sun tare hanya. A wannan watan ne ake yanke wanda zai wakilci unguwar shekara huɗu. Fiye da rabin gidajen garin na haya ne, amma waɗanda ke zuwa rumfar zaɓe a Agusta galibi masu gidan kansu ne da suka daɗe a unguwa. An kawo shawarar a cire sunan jam'iyya daga zaɓen majalisa a ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamba 2024, ba ta wuce ba.

Ba kullum aka kasance haka ba, kuma na kan so in tuna wa matasa wannan. A 1971 aka rage shekarun zaɓe zuwa 18 a duk Amurka, a wannan shekarar kuma kotun ƙoli ta Mishigan, a wata shari'a da ta taso daga Ann Arbor ɗin nan, ta ce ɗalibi na da damar yin rajista a garin da yake karatu. Shekara na zagayowa wata ƙaramar jam'iyya da ɗalibai suka tsaya wa ta ci kujeru biyu a majalisa. A 1975 garin ya samu magajin gari baƙar fata na farko, Albert Wheeler, malami a jami'ar. A 1977 ya sake ci da ratar ƙuri'a ɗaya tak, aka tafi kotu, aka sake zaɓe a 1978, ya faɗi. Garin da aka taɓa raba gardamar kujerar magajin gari da ƙuri'a guda, ba a raina mutum ɗaya a cikinsa.

Majalisa na zama ran Litinin ta farko da ta uku a kowane wata, da ƙarfe bakwai na yamma, a ginin hukumar birni da ke titin Huron. Ka je ko sau ɗaya ne, ya fi duk abin da zan rubuta maka. Kansiloli na zaune a gaba, akwai makirfo a kan ɗan teburi, da agogon da ke ƙirga minti uku ga kowane mai magana. Wani dare da na je ana muhawara kan wani bene da ake son ginawa, wata tsohuwa ta taso da takarda a hannu tana rawa, ta ce shekara arba'in ke nan tana shuka tumatir a bayan gidanta, benen zai tare mata rana. Bayanta wani saurayi da hular kwano ta masu keke a hammata ya ce shi a asibitin jami'a yake aiki, yana kwana a wani gari saboda albashinsa ba zai kama ɗaki a nan ba. Agogo ya yi ƙara yana tsakiyar jimla, ya tattara takardarsa ya koma ya zauna. Babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da na lura da shi kawai shi ne irin tsohuwar sun kai goma sha a ɗakin, irin saurayin ba su fi uku ba, domin sauran suna bakin aiki ko suna kan bas.

Rigimar siyasar garin ke nan a taƙaice, kuma duk 'yan jam'iyya ɗaya ne ke yin ta da junansu: masu cewa a ƙara gini, da masu cewa a bar unguwanni yadda suke. Za ka ga allunan ɓangarorin biyu kafe a ciyawar ƙofar gidaje. Wani fili da ke gefen babban ɗakin karatu na tsakiyar gari ya isa misali. Majalisa ta amince ta sayar wa wani kamfani damar gina bene mai hawa 17 a kansa a kan dala miliyan 10. A Nuwamba 2018 masu adawa suka kai maganar gaban masu zaɓe, suka yi nasara da ƙyar, aka rubuta a dokar birni cewa wurin zai zama dandalin jama'a. Shekaru suka wuce ana ajiye motoci a wurin, dandali bai samu ba. A Agusta 2025 aka sake kaɗa ƙuri'a, aka amince a miƙa wa hukumar ɗakin karatu filin ta yi sabon gini da gidaje a sama. Shekara bakwai ke nan a kan fuloti ɗaya.

Ni ina tare da masu cewa a gina, ba na ɓoyewa. Amma ba zan yaudare ka ba: benayen da ke tashi kusa da jami'a an yi su ne don 'ya'yan masu hali, mai iyali irinka ba zai shiga ba. Amfaninsu a gare ka shi ne suna janye waɗancan yaran daga tsofaffin gidajen da kai kake nema. Masu zaɓe sun kuma amince a 2020 da mil ɗaya na shekara 20 don gina gidaje masu rangwame, sai dai gini ba ya sauri kamar buƙata.

Shi ya sa mutane da yawa ke komawa Ypsilanti, maƙwabcin gari ta gabas, inda Jami'ar Gabashin Mishigan take. Haya ta fi sauƙi a can, kuma bas mai lamba 4 na bin titin Washtenaw tsakanin garuruwan biyu, da katin shaidarka na jami'a ba za ka biya ba. Ka dai sani hukumar makarantun yara ta can daban take da ta Ann Arbor, adireshinka ne zai yanke makarantar da yaranka za su shiga, don haka ka bincika kafin ka sa hannu. Kafin duk wannan ma, ka nemi gidajen iyali na jami'a da ake kira Northwood tun yau, kada ka jira biza ta fito. Daga can zuwa masallacin da ke titin Plymouth ba nisa, kuma a masallacin ne za ka ji wanda zai tashi daga gidansa tun kafin a sa talla.

Sauran maganar ta-cewarka. Abu na farko, kuma ina roƙonka ka ji shi da kyau: kada ka yi rajistar zaɓe, kada ka jefa ƙuri'a, ko da wani mai fara'a ya tare ka a harabar jami'a da fom a hannu. Zaɓe na 'yan ƙasa ne kawai. Tun 2018 Mishigan ta ba da damar yin rajista har ranar zaɓe, akwai kuma ofishin rajista na wucin gadi da ake buɗewa a cikin jami'a, abin ya yi sauƙin da mutum zai iya faɗawa cikin kuskure. A Oktoba 2024 an tuhumi wani ɗalibi ɗan ƙasar waje a garin nan saboda ya jefa ƙuri'a. Laifi ne babba da ke iya kai mutum kurkuku ya kuma raba shi da bizarsa.

Ban da ƙuri'a kuwa, kusan kowace ƙofa a buɗe take. Minti ukun nan na gaban majalisa ba a tambayar fasfo. Kana iya rubuta wa kansilolin mazaɓarka biyu wasiƙa ta imel, adireshinsu na shafin birni, kuma sau da yawa su da kansu ke amsawa, domin yawancinsu suna da wani aikin da suke ci da shi, babu tarin hadimai tsakaninka da su. Idan kana ganin wannan ba ya canja komai, ga abin da ya faru da dokar haya. A da, ka shiga gida a Satumba, kafin ƙarshen Nuwamba mai gida ya fara kawo baƙi suna leƙa ɗakin kwananka, yana matsa maka ka sa hannu a kan shekara mai zuwa ko ya ba wani. Ɗalibai, da ƙungiyar masu karatun gaba da digiri da ke koyarwa a jami'a, suka dinga sintiri gaban majalisa. A 2021 aka gyara doka, a lokacin aka ce mai gida ba zai nuna wa wani gidan ba sai saura kwana 150 yarjejeniyar haya ta ƙare. A 2022 aka ƙara cewa dole ya ba ka damar sabuntawa, ko ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili, ko ya biya ka kuɗin tashi. Cikin 'yan wannan ƙungiya akwai baƙi da yawa irinka da ba su da ƙuri'a.

Ga kuma 'yan abubuwan da za su tsare maka aljihu. Dokar jiha ta ce kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa kada ya wuce hayar wata ɗaya da rabi. Ranar da ka shiga zai ba ka takardar da za ka rubuta duk wata ɓarna da ka tarar, kana da kwana bakwai ka mayar. Ni na yi sakaci da ita a gidana na farko, da zan tashi aka cire min kuɗin wani tabo a kafet da na tarar da shi tun ranar farko, ba ni da abin nunawa. Ka cike ta, ka ɗauki hoto. Idan rigima ta taso, jami'a na da ofishin lauyoyi da ke taimakon ɗalibai kyauta.

Sannan akwai dusar ƙanƙara, wadda ita ce jarrabawar maƙwabtaka a garin. Hanyar ƙafa da ke gaban gida, masu gidan ne ke da alhakin share ta. Idan dusar ta wuce inci ɗaya, dole a share cikin awa 24 da tsayawarta. Ka duba yarjejeniyarka ka ga ko an ɗora maka aikin. Idan ba a share ba, maƙwabci zai kai ƙara ba tare da ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, sai dai ka tarar da takardar gargaɗi maƙale. Wannan ya ba ni haushi da farko, na ɗauka gaba ce. Sai daga baya na ga wani mutum a keken guragu ya zo daidai wani gidan da ba a share ba, ya juya ya sauka kan titin mota. A hunturu na biyu na sayi shebur mai faɗi da buhun gishiri tun Oktoba, kuma in na gama gabana sai in zarce gaban gidan wani dattijo da ke kusa da mu. Ranar da birni ya aiko da takardar taron sauraron jama'a kan canja layin bas ɗin unguwarmu, shi ne ya zo har ƙofa ya ce in shirya, zai kai ni a motarsa.